Ɗigon da Ya Bar Garke

Kwalabe ɗari uku na jera a kan benci,
a firamaren bakin gulbi, kudu da Yawuri.
Kowane yaro ya karɓi tasa, ya zaga bayan aji,
ya dawo yana ɓoye ta cikin riga,
'yan ajinsu na ta dariya.

Wata ruwan tsamiya, wata ruwan shayi,
wata kamar an jiƙa zoɓo an tace.
Ban rubuta suna ba, haka ƙa'ida ta ce:
lamba kawai, da shekaru, da sa'ar karɓa,
tsakanin hantsi da azahar,
don ita ma, kamar kasuwa,
tana da lokacin cika, tsargiya.

Da dare janareto ya yi tari, ya tashi.
Na tace, na ɗiga, na kafa ido a madubi.
Ga su nan, ƙwai masu ƙaya ɗaya a gindi,
kamar ƙwallon dabino da aka fiƙe.
Ina danna maƙirga, ƙas, ƙas, ƙas,
sauro na nasa lissafin a ƙafata
har safiya.

Lamba ɗari da arba'in da bakwai.
Na kai ɗari tara, idona ya kawo ruwa,
na koma daga fari.
Dubu ɗaya da goma sha biyu,
a cikin cokali biyu na fitsari.
Jininsa kuwa, na'ura ta ce shida da ɗigo ɗaya.
Tafin hannunsa fari fat, kamar cikin ƙwarya.

A Birnin Kebbi, Farfesa Tunau ya duba zanen:
ɗigogi sun taru kamar tumaki a inuwa,
guda can sama, shi kaɗai a kusurwa.
Ya sa biro ya kewaye shi.
"Wannan zai ja maka matsakaici.
Cire shi, ka yi bayani a ƙasan shafi.
Masu tantance mujalla ba su da haƙuri."
Bai faɗi ƙarya ba.
Lissafi ma yana da tasa tsintsiya.

Sai dai na san ɗigon.
Ni na miƙa masa kwalbar,
shi ya riƙe mini igiyar kwalekwale ranar da na iso:
Nomau, mai tabon ƙugiya a babban yatsa.
Kakansa Arzika na ɗinkin taru, bai ɗago ba, ya ce,
"Wanga ba ciwo ba na, malam, girma na.
Na yi shi, ubana ya yi shi.
Ɗa namiji in bai yi ja ba, bai san gulbi ba."
Na yi shiru. Ban gaya masa ba,
ni ma ina ɗan shekara tara, a fadamar Argungu,
na ga jan a kan yashi, na rufe da ƙafa,
na yi murna a zuciya.

Na koma da ƙwayoyi da sandar awon tsayi.
Sanda ta ce biyu da rabi.
Ya kora da fura, ya yatsine fuska.
Kafin la'asar na hango shi cikin ruwa har ƙirji,
daidai inda katantanwa ke lafe ƙarƙashin bado.
To ina zai je?
Ƙauyen ba shi da rijiya.

Ban cire shi ba.
Yana shafi na sha ɗaya, sama, hannun dama.
Matsakaici ya karkace saboda shi,
na bar shi a karkace.
Wata rana wani, a wata ƙasa mai sanyi,
zai buɗe, ya ɗora yatsa, ya ce, wannan fa?

Ɗigo ne baƙi, bai kai ƙwayar gero ba.
Ya fi ni iya iyo.
Kuma ya yi mini alkawarin tarwaɗa biyu
in na dawo lafiya.